Tunatarwa a kan Haƙƙin Uwar Gida Bayan Ta Kwanta Dama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya raya mutum a cikin duhun ciki, Ya tanadar masa abinci a ƙirjin wadda ta haife shi tun bai san roƙo ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da matansa uwayen muminai, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya kai almajiri, da kai mai fatauci, sababin wagga takarda rasuwa ce da aka yi muna a Ƙauran Namoda. Matar malaminmu na allo ce, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, wadda muke ce wa Inna. Ba zan kama sunanta ba, domin ɗa ba ya kama sunan uwa. Ta haura shekara tamanin. Ta bar ɗiya da jikoki da tattaɓa-kunne, ta kuma bar mu, mu da muka ci tuwon hannunta alhali ba ta haife mu ba, kuma babu wanda ya san adadinmu sai Allah.

Na yi kwana uku a zauren makoki ina sauraren masu gaisuwa. Kowa ya shigo sai ya yi addu'a, sa'an nan ya ce, ai Inna mai haƙuri ce. Daga nan sai zance ya koma ga farashin gero da labarin hanya. Na tuna ranar da Malam ya rasu, shekaru da dama da suka wuce, a cikin wanga zaure ɗin dai aka raba dare ana lissafin malaman da ya yi karatu gare su, da littattafan da ya sauke, da garuruwan da ya yi ci-rani. Ita kuwa, aikin shekara sittin a gidan nan, kalma ɗaya aka ba ta. Rana ta uku na kasa daurewa, na fara ba da labarinta. Sai wani alhaji abokina, mai saye da sayar da hatsi, wanda ba ya fashin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, mace sutura ce. Da ranta ba a yi zancenta a zaure ba, don me za a yi bayan ranta? Addu'a ta ishe ta." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, ni kuwa ban sami amsa a bakina ba a lokacin. Abin da na kasa faɗa masa shi ne nake rubutawa.

Fasali

Bari in fara da abin da idona ya gani. An kai ni gidan Malam ina ƙolo, ban kai shekara goma ba. Kafin kiran assalatu Inna ta tashi, muna jin ƙarar taɓarya daga inda muke kwance. Surfe, bakace, niƙa a dutse, tankaɗe, talge, tuƙi, duk kafin a ce an ci. Tsakanin haka ga kaɗi, ga tuyar ƙuli-ƙuli da take bai wa yara su kai tasha, domin a zamanin nan jirgin ƙasa, wanda hanyarsa ta iso Ƙaura tun 1929, shina ɗaukar gyaɗa da auduga, gari cike da baƙi. Mukan fita bara, gaskiya ne, amma duk wanda ya dawo da ƙoƙo wayam ya san inda zai tsaya, a bakin ƙofar cikin gida.

A shekarar 1973, shekarar da naira ta shigo aka bar fam da sule, damina ta ƙi. Gero ya ƙone a tsaye, dabbobi suka mutu, mutanen arewa suka gangaro da abin da ya rage musu. Bara ta daina ciyar da almajiri, domin wanda za ka roƙa shi ma bai ɗora tukunya ba. Malamai da yawa suka sallami yara. Malaminmu bai sallama ba, mutane suka yaba masa, kuma ya cancanci yabo. Sai dai ni na yi zazzaɓi a cikin wannan shekara, Inna ta ɗauke ni ta kwantar a ɗakinta, na ɗaga ido na ga bango. Jeren tasoshi da kwallaye da aka kawo ta da su ranar aure duk sun tafi, sai gurabensu a jikin yaɓe, zagaye zagaye. Dillaliya ce take zuwa ta ɗauka ɗaya ɗaya, a dawo da dawa da garin rogo. Rumbun Malam ya daɗe da ƙarewa. Abin da muke sha da safe bangon ɗakin Inna ne.

Ga kuma laifina, in faɗe shi tun da na ɗauki alƙalami. Wata safiya na dubi kunun da aka zuba mini na ce wa na kusa da ni, wanga ai ruwa ne aka yi wa barazana da gari. Ta ji, ba ta ce kome ba. Kashegari ƙoƙona ya zo da kauri, na sha ina murna. Sai wani gardi ya kama kunnena ya ce, "Ka san abin da ka sha? Rabonta ne." Kunya ta hana ni neman gafara sai bayan shekara arba'in. Da na durƙusa na tuna mata, sai ta ce, "Ɗan nan, yaushe aka yi haka?" Har yau ban san ko mantuwa ce ta gaskiya ba ko wata kyauta ce ta biyu.

In tana niƙa takan rera waƙoƙin wa'azi, na siffofin Annabi, da na kwanciyar kabari, da na sharuɗɗan alwala. Ta ce daga kakarta ta ji su. Sai da na girma na zauna gaban malaman zaure na gane wasu daga cikinsu na gidan Shehu ne. Ashe tun muna haddar Tabbat da Ƙulhuwa a waje, akwai wata makaranta a cikin gida wadda ba mu lissafa ta makaranta ba.

Fasali

To, mu koma ga maganar alhaji, cewa mace sutura ce. Sai in ce: abin da shari'a ta suturta jikinta ne da asirin ɗakinta. Aikinta na alheri bai shiga ciki ba. Da ya shiga, da ba mu san kome ba game da Nana Hadiza, yardar Allah ta tabbata gare ta. Ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya yawaita ambatonta bayan rasuwarta, har Nana A'isha, wadda ba ta taɓa ganinta ba, ta ce ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishinta ba. Yakan yanka akuya ya rarraba wa ƙawayenta. Da 'yar'uwarta Halatu ta nemi izinin shiga, ya ji irin sallamar Hadiza, sai zuciyarsa ta motsa. Wanga duk a gaban mutane aka yi shi, mutane suka ruwaito, malamai suka rubuta.

Idan ka ce ai waccan Uwar Muminai ce, sai in kawo maka wadda ba ta da kowa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin baƙar mace mai sharar masallaci. Ta rasu, aka rufe ta ba a sanar da Annabi ba, kamar an ƙanƙanta al'amarinta. Da ya rasa ganinta ya tambaya, aka gaya masa, ya nuna rashin jin daɗinsa da ba a sanar da shi ba, ya ce a nuna masa kabarinta, ya tafi ya yi mata salla. Ka lura, sahabbai ba mugunta suka yi ba. Sun ɗauka al'amarin bai kai a dame shi ba. Irin wannan zato ne muka yi a zauren makokin Inna.

Kuma ba sai mun tafi Madina ba. A ƙasarmu akwai wadda ta yanke wagga mas'ala da aikinta, ita ce Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da su. An haife ta a Ɗegel a shekara ta 1208 ta hijira, wato 1793, ita da tagwaicinta Hasan, uwarsu Maimuna. Tana da shekara kamar goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga Tafkin Kwatto da nasararsa, ta ga Tsuntsuwa inda mahaddata da yawa suka yi shahada, ta zauna tare da jama'a a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara a 1805 ana fama da yunwa. An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin ɗan'uwanta Muhammadu Bello, tun kafin a ci Alƙalawa a 1808, yaƙin da Namoda, wanda garin nan yake ɗauke da sunansa, ya halarta da mutanensa. Ke nan amarcinta da goyonta na fari duk a cikin zamanin yaƙi da ƙaura aka yi su.

Mutane sun san ta da malanta, da waƙoƙinta na Larabci da Fillanci da Hausa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta yi zaman aure fiye da shekara arba'in da mutum ɗaya, mutum mai nauyin jama'a a kansa, domin Giɗaɗo shi ne Wazirin Bello, gidansa masaukin manzanni da malamai da matafiya. Wanda ya san hidimar baƙo ɗaya ya ƙiyasta hidimar gidan Waziri. Ta haifa masa ɗiya maza. Da Bello ya rasu a Wurno a 1837, miji da mata suka duƙufa ga tattara labarin Shehu da jama'arsa, shi shina rubutawa da Larabci a zube, ita tana tsarawa a waƙe domin wanda ba ya karatu ya riƙe da ka. Ɗansu Abdulƙadir ya karɓi wazirci a 1842 mahaifinsa na da rai. Da Giɗaɗo ya rasu, ta yi masa marsiyya. Abdulƙadir ya rasu a 1859, ya riga ta, jikanta Ibrahim Halilu ya gaje shi tana gani. Ta ga mijinta Waziri, ta ga ɗanta Waziri, ta ga jikanta Waziri, ta kuma sha ɗacin rufe biyu daga cikinsu, kafin ta rasu a 1280, wato 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare a Sakkwato. Daga tsatsonta ne Waziri Buhari ya fito, da ɗansa Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997, kuma a gidan nan ne aka adana takardunta har aka tattara su aka buga a littafi ɗaya a 1997.

Ga inda hujjata take. Nana Asma'u ba manyan maza kaɗai ta yi wa marsiyya ba. Ta yi wa Bello, ta yi wa Giɗaɗo, amma ta yi wa aminiyarta A'isha, ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima, ta yi wa Hauwa'u, jaji ce daga cikin masu jagorantar matan ƙauye zuwa karatu, ta kuma yi alhinin mutuwar Halima, maƙwabciyarta, wadda ba ta da sarauta ba ta da littafi. Abin da take lissafawa a irin waɗanga waƙoƙi halaye ne na cikin gida: sada zumunci, kyautata wa maƙwabta, tausayin marasa ƙarfi, sakin fuska. Ɗiyar Mujaddadi, wadda ta fi mu sanin abin da shari'a ta suturta, ta ga ya dace a sanya maƙwabciya a cikin baiti domin na baya su ji. Mu kuwa mun ga zaure ya fi ƙarfin labarin wadda ta ciyar da mu.

Ka duba kuma tsarin 'Yan Taru da ta kafa. Ta san matar aure mai goyo ba ta iya barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki. Sai ta zaɓi dattijai mata, waɗanda suka gama haihuwa, ta naɗa musu malfa da jan ƙyalle, ta kira su jaji. Su ne suke zuwa Sakkwato tare da 'yan mata ƙanana, su ɗauki karatu a waƙe, su koma ƙauyuka su shiga gida gida su karantar da waɗanda ke tsare. Bayan rasuwarta 'yar'uwarta Maryamu ta ci gaba da aikin. Wato kakanni ne aka ɗora wa amanar ilmi. Da na fahimci haka sai na daina mamakin waƙoƙin da ke fitowa daga bakin Inna a kan dutsen niƙa.

Fasali

Yanzu ga kalmar haƙuri, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Haƙuri babban hali ne, Allah Ya yi wa ma'abotansa alkawarin lada ba da lissafi ba, kuma Inna tana da shi. Amma ka duba ma'anarsa. Haƙuri ɗaure rai ne a kan abin da ya auka maka, kamar ciwo, ko rashi, ko cutarwar wani. Kyauta kuwa fitar da abin da kake da ikon riƙewa ne. Wanda ya yi haƙuri da fari, fari bai zama mai bashinsa ba. Wanda ya yi maka kyauta, godiyarsa ta hau kanka. Saboda haka idan muka kira dukkan aikin mace haƙuri, mun mai da shi kamar ruwan da ya faɗo mata daga sama, babu wanda ya ci, babu wanda zai gode. Kalmar tana da daɗi a bakinmu ne domin tana sauke muna nauyi.

To mene ne wajibinta, mene ne kyautarta? Shehu, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da ɗiyansu mata cikin jahilci. Ya gargaɗi mata game da masu ce musu tsirarsu tana cikin biyayya ga miji kawai, ba su umurce su da biyayya ga Allah da ManzonSa ba, ya kuma ambaci dafa abinci da wanki a cikin abubuwan da ake ɗora musu alhali Allah bai ɗora ba. A cikin Muhtasar na Halilu kuwa an rarrabe: idan mace tana cikin waɗanda ake yi wa hidima kuma miji shina da hali, to ya samo mata mai hidima, in ba haka ba, hidimar cikin ɗaki tana kanta, irin kwaɓa gari da shara da shimfiɗa, ban da kaɗi da saƙa, domin su sana'a ce ta neman kuɗi. Masu sharhi suka ƙara da cewa girkin na mijin ne, ba na baƙinsa ba. Ni ba na tsayawa in yi alƙalanci tsakanin manya. Ina cewa dai, ɗauki magana mafi nauyi a kan mace, ka auna Inna da ita. Tuwon Malam ya shiga. Tuwon almajirai talatin bai shiga ba. Jiyyar ɗan wani a ɗakinta ba ta shiga ba. Tasoshinta, waɗanda mallakarta ne tsantsa, Malam kansa ba ya da ikon taɓa su sai da yardarta. Kuɗin ƙuli-ƙulinta nata ne. Idan ka cire wajibi, abin da ya saura ya ninka shi sau da yawa, kuma duk sadaka ce daga mai dukiya zuwa ga matalauta, mu ne matalautan.

Kai mai fatauci, wagga magana ta fi kusa da kai. Baƙinka na kasuwa da ke sauka gidanka daren Laraba, wa ke tashi ta dafa musu? Ka taɓa sanin alfarma ake yi maka? Ba ina cewa mata su ɗauke hannu ba, gida ba ya tsayawa a kan lissafin wajibi kaɗai, kai ma kana yin abin da bai wajaba a kanka ba. Nana Faɗima ɗiyar Annabi ta yi niƙa har hannunta ya yi kanta, ta nemi mai hidima, mahaifinta ya koya mata tasbihi da tahmidi da takbiri lokacin kwanciya. Amma an san ta yi, an faɗa, an rubuta, har ya iso gare mu bayan shekara dubu da ɗari huɗu. Ba a ce mai haƙuri ce aka yi shiru ba.

Akwai iyaka, kada wani ya ɗauki maganata ya wuce wuri. Shari'a ta hana kururuwa da marin fuska da yage tufa, ta hana ƙirga wa mamaci darajojin da ba ya da su irin na zamanin jahiliyya. Ambaton alheri shaida ce, kamar yadda ya zo cewa an wuce da gawa mutane suka yabe ta, Annabi ya ce ta tabbata, ya kira su shaidun Allah a bayan ƙasa. Mai shaida kuwa ba ya ƙari. Saboda haka ba zan ce Inna mala'ika ce ba. Tana da zafin harshe, ita da kanta takan faɗa tana neman gafara, shi ya sa na ga babu laifi in ambata. Ta yi shekaru ba sa jituwa da abokiyar zamanta. Amma da abokiyar zaman ta rasu wurin haihuwa ta bar yara uku, Inna ce ta goya na goye, ta aurar da matan, kuma na ga ɗaya daga cikinsu a makoki, dattijo da furfura, shina kuka bai san ana kallonsa ba. A wurina wanga ya fi a ce ba ta taɓa fushi ba. Wanda aka halitta da sanyi bai sha wahalar da mai zafi ya sha ba wajen danne kansa. Kuma yarinyar da ta ji an ce kakarta ba ta taɓa ɓacin rai ba za ta ɗebe tsammanin kamo ta. Wadda ta ji gaskiya za ta ce ashe ni ma ina iyawa.

Fasali

Ba don Inna kaɗai nake wagga magana ba. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura, har a 2021 aka rufe kasuwannin mako aka yanke layukan waya na wani lokaci, wa ya ɗauki marayu? Shiga kangaye da gidajen aro a cikin gari ka gani. Tsohuwa ce da jikoki biyar ko shida, uban an kashe shi a gona, uwar ta yi takaba wata huɗu da kwana goma ta sake aure ko ta bi shi. A mazhabarmu ta Maliku, in uwa ta faɗi daga riƙon yaro, uwar uwa ce ke biye. Shari'a ta ba ta riƙo, amma ciyarwa ba a kanta take ba, tana cikin dukiyar yaron in shina da ita, in babu kuwa tana kan jama'ar Musulmi. Mu mun bar mata duka biyun. Tana surfen ƙwadago, tana tsintar itace, mu kuwa muna wucewa muna cewa Allah Ya ba ta haƙuri. Ranar da ta faɗi za mu zo mu ce mai haƙuri ce.

Abin da ya rage na biyayya bayan mutuwa sananne ne a hadisi: addu'a, da neman gafara, da cika alkawarin da mamaci ya bari, da girmama abokansa, da sada zumuncin da ba ka da shi sai ta hanyarsa. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi wace sadaka ta fi domin uwarsa, aka nuna masa ruwa, ya haƙa rijiya. Amma kafin sadaka akwai bashi, kuma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Mace ta rasu, sai a raba zannuwa da kwanoni a ce an raba gado. Akuyoyinta da suka shiga garken miji fa? Sauran sadakinta? Kuɗin adashin da ta ɗauka ta ba shi ya yi jari? Duk abin da take bi bashi dukiyarta ne, shina shiga cikin abin da za a raba, ko da wanda ake bi shi ne mai rabon. Mai haƙa rijiya da sunan matarsa alhali shina riƙe da haƙƙin magadanta, da kuɗin marayu ya haƙa.

Na karanta wa alhaji abin da ya gabata a zaurena bayan sallar isha'i. Ya yi shiru mai tsawo, ya tafi bai ce kome ba, har na zaci na ɓata masa rai. Bayan mako biyu ya dawo. Ya ce uwar gidansa ta fari ta rasu shekara takwas da suka wuce. Shekarar da ya karye a kasuwa, ita ce ta ba shi shanunta biyu na gadon ubanta, ta ce rance ne, in ya miƙe ya mayar. Ya miƙe, har ya je Makka sau biyu, bai mayar ba, ita kuwa ba ta sake tayar da zancen ba. Ya ce, "Malam, in biya kuɗin da na sayar da su a wancan lokaci?" Na ce shanu ta ranta maka, shanu za ka mayar, kwatankwacinsu a shekaru da ƙiba, domin rancen dabba ya halatta kuma da irinta ake biya, Annabi ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi. Ya ce shanu sun yi tsada yanzu. Na ce na sani.

Muka zauna muka yi lissafi. Ranar da ta rasu ta bar miji, da uwa, da ɗiya maza biyu da mata uku. Mahaifinta ya riga ta. Asalin rabon daga goma sha biyu ne. Miji shina da rubu'i, kashi uku, tun da akwai ɗiya. Uwa tana da sudusi, kashi biyu. Saura bakwai na ɗiya, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Na ɗiyansa mai sauƙi ne, suna gabansa. Amma surukuwar tasa ta rasu bayan ɗiyarta, kashinta biyu ya koma ga nata magadan, su kuwa mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi wanda ya watse, wasu an ce suna Gusau, wasu sun haura Maraɗi. Alhaji ya sayi shanun ya ɗaure a gidansa, ya bai wa direbobin da ke bin hanyar Jibiya saƙo, kuma duk Alhamis in ya je Shinkafi shina tambayar mutanen wajen. Zuwa ranar da na aje alƙalami ya sami mutum biyu daga cikinsu, saura uku.

Tammat. Allah Ya jiƙan Inna da Malam, da uwayenmu da kakanninmu, da wanda ya rubuta, da wanda ya kwafa, da wanda ya karanta. Amin.